Labarina da aikin ambulan, da daren da ruwan madatsar Alau ya shigo mana Gwange

Assalamu alaikum jama'a. Wani ƙanina ne ya matsa min wai tunda kullum ni ke cika su da labarin aiki in muna zaune a majalisa, in daure in rubuta ko Allah zai sa wani ya amfana, toh gashi na zauna, amma ku yi haƙuri dani ni ba marubuci bane, yadda ya zo min haka zan zubo shi.

Ni a Gwange aka yanke min cibiya, cikin Maiduguri, amma iyayena mutanen wajen Azare ne, fataucin wake da busasshen kifi ya kawo mahaifinmu Borno har ya yi gida ya zauna, Allah ya jiƙansa. Aikina shine bin motar ɗaukar marasa lafiya, ambulan, kuma ba ni ke tuƙi ba, ni ne wanda ke zama a baya tare da mara lafiya har a kai asibiti. Da aikin agaji na fara tun ina sakandare, irin na masallaci, kaki da hula da usur, mu tsare layi a wajen tafsiri da sallar idi, mu yi gaba da makara in an yi rasuwa. A lokacin gaskiya kayan ne suka ja ni ba aikin ba. Daga baya aka tura mu wani horo na Red Cross, a nan na fara ganin mutum-mutumin roba da ake koyon danna ƙirji a kansa, wato yadda ake ƙoƙarin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, muna ta dariya muna tsokanar juna, ba mu san abin da ke gabanmu ba. Bayan nan na shiga makarantar koyon aikin lafiya na fito da takardar CHEW, wato ta ma'aikacin lafiyar al'umma, sai Allah ya sa na samu wannan aikin a daidai lokacin da garinmu ya rikice.

Wanda bai zauna Maiduguri a waɗancan shekarun ba da wuya ya gane. A 2011 aka hana hawa babur kwata-kwata, a 2013 da aka sa dokar ta-ɓaci aka yanke layukan waya na tsawon watanni, ga dokar hana fita da dare, ga shingen bincike a kowane lungu. Toh ka gaya min mace ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare jini ya ɓalle mata, wa za a kira kuma da me? A baro ake turo wasu, wasu a Keke Napep in gari ya waye, wasu kuma sai dai a wuce dasu maƙabarta. Tun a lokacin na gane cewa mu masu jiniya a ƙarshe muke zuwa, kafin mu iso an riga an yi wa mutum abin da zai raya shi ko abin da zai ƙarasa shi, kuma wanda ya yi masa ɗin ba likita bane, matarsa ce ko maƙwabcinsa ko wani mai shayi da ke bakin titi.

A watan Nuwamba na 2014, ranar wata Talata, bam ya tashi a Monday Market. Mutane suka ruga da gudu don su taimaka kamar yadda aka saba, Bahaushe da Babarbare ba sa iya ganin ɗan uwa a ƙasa su tsaya, ana cikin ɗaga waɗanda suka faɗi na biyu ya tashi a tsakiyar masu taimakon. Mu bayan na biyun muka iso. Ogan namu wani tsohon nas ne da ya daɗe a ɗakin emajensi, mutum ne mara yawan magana, da na buɗe ƙofa zan dira da gudu sai ya riƙo min riga ta baya ya ce, yaro tsaya ka duba tukuna, gawa ba ta ceton kowa. Raina ya ɓaci a lokacin don ina jin ihun mutane, amma ka ga yadda aka yi a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi jama'a suka taru a kanta, wuta ta kama mutum sama da 150 suka tafi, cikinsu har da waɗanda kallo kawai ya kai su ko suka je janyo ƙannensu. Duk inda abu ya faru ka fara tambayar kanka ko ya gama faruwa.

Abu mafi wuya da na koya a kasuwar nan shine wa za ka fara taɓawa. A horo an koya mana rabon launi, ja ga wanda zai mutu yanzu in ba a taimake shi ba, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga ya cika. A kan allo abin da sauƙi. Amma wata mata ta riƙe min ƙafar wando, hannunta ɗaya a karye yana lilo, tana cewa ɗana ka taimake ni don Allah don Annabi, ni kuma dole na ɓamɓare yatsunta na wuce wajen wani saurayi da ke kwance shiru ko motsi baya yi, saboda mai ihu yana da numfashi, mai shirun ne abin tsoro. Jini ne da harshensa suka toshe masa maƙogwaro, na ɗaga haɓarsa na share bakin na ji ya ja numfashi da wani irin gurnani, har yau in na tuna sautin sai tsigar jikina ta tashi. Matar nan ta zage ni, kuma ban ga laifinta ba. Na daɗe bayan nan bana iya wucewa ta wajen mai tsire, matata Maman Ummi bata ce min komai ba, kawai na lura ta daina sa nama a miya sai kifi da wake, har ranar da ni da kaina na tambaya.

Da gari ya ɗan lafa sai aikin ya koma hatsarin mota, musamman hanyar Damaturu, kusan kilomita 130 ce, ka wuce Auno da Jakana da Mainok da Benisheikh da Ngamdu, direbobi na gudun kar a rufe hanya da yamma dare ya yi musu a daji, ga taya ta gwanjo ga lodi ya wuce ƙa'ida. Akwai wani hatsari da nake yawan ba yara labari. Bas ce taya ta fashe ta yi ta juyawa, mun iso a makare don sai da aka nemo kuɗin mai tukuna, wannan ma wani labarin ne, mota na nan an rubuta mata suna da manyan baƙaƙe amma tankinta a bushe. Muka tarar da wata tsohuwa cikin fasinjojin, ita ma goshinta a fashe, ta cire zaninta na sama ta ninke shi ta cusa a cinyar wani yaro ɗan makaranta ta ɗora gwiwarta a kai da duk nauyinta. Mutane sun kewaye ta, wani na cewa a ɗaga a gani, wani ya kawo ƙasa a zuba, wani na neman garin taba, ta ƙi ko kallonsu. Da na durƙusa na ce Baba sannu, kawo in karɓe ki, sai ta ce ɗan nan sa hannunka a kan nawa tukuna kafin in zare, ni unguwar zoma ce, jini na san shi. Wallahi abin da aka koya mana a aji kenan, ka danna da ƙarfi kar ka ɗaga don leƙawa, in ƙyallen ya jiƙe ka ƙara wani a kai kar ka cire na farko. Yaron ya rayu da ƙafarsa.

Direban motar kuma, Allah sarki. Waɗanda suka fara isowa sun ce yana magana garau, kawai yana cewa wuyansa na ciwo yatsunsa na masa wani iri, sai suka kamo shi ta hammata suka finciko shi ta taga suka lanƙwasa shi a bayan wata ƙaramar mota kansa na rawa, suka yi gari dashi. Da niyya mai kyau suka yi. Daga baya na gan shi a gadon asibiti daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ba ina cewa da an bar shi lallai zai tashi ba, wannan sanin Allah ne, amma wanda ya yi hatsari yana kukan wuya ko baya, in dai ba wuta ce za ta kama ko wata motar za ta bi ta kansa ba, a riƙe kansa yadda yake, in dole sai an ɗauka a samo ƙyaure ko faffaɗan katako mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe lokaci guda.

Sauran abubuwan da muke fama dasu kun san su don a gidajenmu ake yi. Mutum ya suma a ɗura masa ruwa ko madara ya shaƙe ya tafi huhu, alhali kwantar dashi za a yi ta gefe in yana numfashi. Mai farfaɗiya a cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye, ko a gudu wai yawunsa na yaɗa cutar, ƙarya ne, a kawar da abin da zai ji masa ciwo kawai a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai. Yaro ya faɗa ruwan zafi a shafe shi da manja da ɗanyen ƙwai da man goge baki, mu a asibiti sai an kankare duk wannan kafin a ga ciwon yaro na tsala ihu, alhali ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara masa na minti 20 sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Sai kuma sabon bala'i, masu ɗaukar bidiyo, mutum na kwance tsirara cikin jini an zagaye shi da waya, uwarsa a Facebook za ta fara gani. Kuma in muka kunna jiniya wasu direbobin ba sa kaucewa, ko su ɗauka gawa ce a ciki ai ba sauri, ko su ɗauka wani babba ne ke son a ba shi hanya.

Yadda abin ya shigo gidana kuwa ta wajen tambaya ɗaya ce da nake yi kullum a bayan mota. Wane magani yake sha? Amsar kusan iri ɗaya ce, wani ɗan fari ne ƙarami, da wani mai ruwan ƙwai da yake sha da dare. Ina katin asibitinsa? Yana gida a cikin wata jaka, ko wajen babban ɗansa da ya yi tafiya. Mutum shekara goma yana shan maganin hawan jini babu wanda ya san sunan maganin a gidan har shi kansa. Innarmu na da hawan jini da ciwon suga ga ciwon gwiwa, sai na zauna na rubuta sunayen magungunanta da yadda take sha da rukunin jininta da lambar katinta a takarda, na kai aka manne min da leda, ɗaya a jakarta ɗaya a wajena. Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Na samo bokitin fenti babba irin mai murfi da ke kamawa gam, na wanke shi, don jaka tana jiƙewa ɓera na ci, shi kuwa ko ya faɗa ruwa yawo zai yi a sama. Na sa takardun makarantarmu da na haihuwar yara da takardar gida da katin ɗan ƙasa duk cikin leda biyu, da maganin Inna na wata guda wanda nake canzawa in na sayo sabo don kar ya lalace, da tocila da batir, fawa bank da waya ƙarama mai maɓalli wadda cajinta ke daɗewa, bandeji da safar hannu da almakashi, sinadarin gishiri da suga na ORS, ƙwayar tsaftace ruwan sha, ashana, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, da 'yan kuɗi tsaba ƙananan canji, wannan kam wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ce ta koya min, lokacin da kana da kuɗi a banki amma ba ka iya sayen biredi.

Na sha tsiya a kan bokitin nan. Maman Ummi ta sa masa suna akwatin lefe, wai amarya zan ƙaro. Inna kuwa cewa ta yi kai ka cika mugun fata, kullum kana kiran masifa, ina tawakkalinka. Na ce Inna ke fa kika bamu labarin ruwan 1994, yadda Baba ya ɗauke ni a wuya kika bar tukunya a kan murhu, kuma madatsar nan ta Alau tana nan inda take, kogin Ngadda bai canza hanya ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ka ji dashi dai. Yaran ma na sa sun haddace lambar wayata da ta yayana da ke Bulumkutu, da waƙa na koya musu, kuma muka yi magana da mamansu cewa duk ranar da wani abu ya faru bana gida kar ta jira ni, in ana iya tsallake gada gidan Yaya za a tafi, in gada ta ƙi akwai gidan bene na wani aminin mahaifinmu a kan tudu, na riga na je na gaishe shi na nemi izini tun ba a san za a buƙata ba.

Damina ta 2024 tun ƙarshen Agusta kogin ya cika ya fara shiga gidajen da ke bakinsa, ana ta raɗe-raɗin madatsa, wasu na cewa ba komai haka yake yi duk shekara. Ni dai da na ga inda ruwan ya kai a jikin gada sai na ce Inna ta koma Bulumkutu na ɗan lokaci, don ita ba mai iya gudu bace. Ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan mijinta ya bar ta. Ban yi musu da ita ba, na kira Kawu yayanta a Azare na yi masa bayani, ya kira ta, minti biyar ba a yi ba ta ce a samo mata keke. Har da harara ta bi ni da zata fita.

Daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba ina wajen aiki. Bayan sha biyun dare waya ta shigo, Baban Ummi ruwa ya shigo zaure kuma ba sama ake yi ba. Na ce kashe wutar gidan daga mita, goya yaro, ɗauki bokiti, ku fita yanzu, kar ki nufi gada. Ta ce keken ɗinkina fa, da buhun shinkafa. Na ce Maman Ummi don girman Allah ki fita. Ta fita ruwa na idon sawu, bokiti a ka, goyo a baya, manyan biyu sun riƙe gefen zaninta, tana tafe tana buga ƙofofin maƙwabta. Wasu sun biyo ta. Wasu suka tsaya ɗora katifa da buhuna a kan tebur da drom, wai ai ba zai wuce gwiwa ba, kafin asuba suna kan rufin kwano, wasu sun kwana biyu uku a can da yara babu ci babu sha. Mutane ba su san ƙarfin ruwa mai gudu ba, wanda bai kai rabin ƙwauri ba ma yana kayar da babban mutum, in ya kai kamar santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, ga kwalbati a buɗe a ƙasa ba ka gani.

Gari ya waye Maiduguri ta rabu biyu. Fori, Galtimari, Gwange, wajen Kwastam, Monday Market, Post Office, har fadar Shehu duk ruwa. Asibitin koyarwa da asibitin ƙwararru na jiha inda muka saba kai mutane su ma ruwa ya shige su, na'urori masu tsada suka lalace. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka fita, gidan zu na Sanda Kyarimi ya cika aka yi ta gargaɗin kada da macizai sun shigo unguwanni, maƙabartar Gwange inda mahaifinmu yake ita ma ta nutse. Motarmu da nake taƙama da ita ta zama ba ta da wani amfani, iyakarta bakin ruwa. Kwale-kwale da manyan motocin soja da tifa da samarin unguwa masu igiya da tayar mota su suka yi aikin, mu muna tsaye inda ake sauke mutane muna karɓa, daga baya aka tura mu sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka sake buɗewa bayan an rufe shi tun 2021. Mutum dubu ɗaruruwa ruwan nan ya raba da gidajensu.

Abin da na fi gani a wajen ba nutsewa bane, wanda ya nutse ba ya zuwa wajenmu. Yankan kwano da kwalba a ƙafa, jarirai jikinsu ya yi sanyi ƙalau, mata masu ciki da firgici ya tayar musu da naƙuda, sai kuma tsofaffi masu ciwon da ake shan magani kullum. Wani dattijo aka sauko dashi daga motar soja yana ta haki yana surutai, ɗansa na cewa aljanun ruwa ne suka taɓa shi, na tambaya yana da suga, ya ce eh har allura yake yi, ina allurar, tana cikin firij a gida, wace iri ce, bai sani ba, nawa yake yi, sai dai a tambayi Hajiya kuma ba a san inda Hajiya take ba. Na gwada jininsa na'urar ta ƙi nuna lamba saboda ya wuce iyakarta. Muka sa masa ruwa muka yi ta neman asibitin da ke aiki ta ɓangaren da muke. A ranakun nan na yi wannan tambayar ta magani har muryata ta dishe, waɗanda suka iya amsa min ba su da yawa, wata yarinya ce kawai ta burge ni, ta ɗauki hoton kwalayen maganin kakarta a waya tun da daɗewa.

Ni kuma duk wannan aikin ina yinsa ne hankalina rabi na can, don sabis na zuwa yana ɗaukewa. Sai da yamma saƙo ya shigo daga ƙaramar wayar cikin bokiti, muna bene lafiya. Daga baya take bani labari sun fi mutum hamsin a gidan, fawa bank ɗin nan bi da bi aka yi ta sa wa wayoyi kowa ya samu ya kira nasa, garin kwaki da ƙuli aka jiƙa wa yara a daren farko, kuɗin kuma su suka sayi biredi da ruwan leda don masu POS babu su babu dalilinsu, tiransifa ba ta tafiya. Maganin Inna na wajenta a Bulumkutu, na cikin bokitin sai ya yi wa wata tsohuwa amfani da Allah ya sa irin shi take sha, kwalinta na cikin jakarta aka gwada suna ya zo ɗaya.

Kar wani ya ɗauka bokiti ya cece mu daga asara. Katangar bayan gida ta zube, katifu, kayan ɗakinta tun na aure, keken ɗinkin da take rufa mana asiri dashi, awaki biyu, duk sun tafi, laka har gwiwa da wari muka tarar. Amma maƙwabcina malamin firamare da ya buɗe akwatinsa takardun NCE ɗinsa da na ɗaukar aiki sun dame kamar kunu, har yanzu yana yawon kotu da ofis-ofis neman madadinsu. Kuma ina sane da cewa wanda bai samu na tuwon dare ba ba za ka ce masa ya ajiye kuɗin ko-ta-kwana ba, ni ma da albashin da ke zuwa a makare na haɗa nawa kaɗan kaɗan. Amma leda da takarda da biro da sanin inda za a haɗu ba sa cin ko sisi. Wannan kuma ba ya wanke masu mulki, gyaran madatsa da yashe magudanai da hana gini a hanyar ruwa da sanar da mutane da wuri da harshen da suke ji, ba aikin mai bokiti bane. Bayan namu ga ambaliyar Mokwa ta jihar Neja a Mayun 2025, su da asuba ya same su suna barci.

Da ruwa ya janye sai amai da gudawa, don rijiyoyi da masai sun haɗe, farkon Oktoba gwamnati ta sanar da ɓarkewar kwalara. A nan na fara tara mutanen layinmu bayan sallar isha'i a ƙofar masallaci, liman ya bani minti goma. Na fara da ruwan gishiri da suga, lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, suga cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a yi ta ba mutum kurɓi kurɓi ana hanyar asibiti. Minti goman ya zama awa. Yanzu har danna ƙirji muke yi a kan jarka da aka naɗe da bargo, tsakiyar ƙirji, hannu a miƙe, sau 30 sannan hura baki 2, in ba za ka iya hurawar ba ka ci gaba da dannawa kawai da sauri kamar sau 100 zuwa 120 a minti. Wani dattijo ya ce to in mace ce fa, na ce Baba rai ake magana, amma don a huta da wannan gardamar Maman Ummi ta koya tana koya wa mata a islamiyya, kuma gaskiya sun fi mazan mayar da hankali, don su ne ke gida da yara da tsofaffi.

Ina gaya musu su ajiye lambar kiran gaggawa ta 112, in hatsarin hanya ne akwai 122 ta 'yan Road Safety, amma kar su tsaya nan, kowane layi ya samu mai Keke Napep ko mai mota ɗaya da aka yi magana dashi zai ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne, mu namu har asusun mai muka yi masa. Kuma su sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba ko'ina ake bi ba amma in ka faɗa da ladabi ka nuna ka sani sau da yawa fuska na canzawa.

Inna dai har yau bata dawo Gwange ba, ita da ta ce ba inda za ta, yanzu in na ce ɗakinki an gyara an yi fenti sai ta ce gwiwarta bata son hawa keke. Ni ma ina neman ciki da falo ta wajen Bulumkutu ko Pompomari in kwashe yaran, amma tun bayan ruwan kuɗin haya a unguwannin tudu ya yi tashin da albashina bai kai ba, dillalai biyu sun ci kuɗin ganin gida ba su nuna min abin kirki ba. Na dai ɗaga dakalin ƙofa da bulo uku, mun sayi keken ɗinki na hannu a madadin wancan, kuma mun yi da Yaya cewa daga tsakiyar Agusta yara za su koma wajensa har sai kogi ya sauka.